Sarauniya Mai Ɗigon Shuɗi

A gindin tsaunin da ke bayan Bohinj,
inda dusar ƙanƙara ke makara kafin ta narke,
mahaifina Ciril ya kara kunne a jikin amya ta bakwai
kamar likita a ƙirjin majiyyaci.
Ya daɗe. Sannan ya ce, "Jerica, muryarsu ta sauya."
Ni dai ƙugi na ji, irin na kullum.

Muka busa hayaƙi kaɗan, muka buɗe ta baya.
Na zaro saƙa ɗaya, na ɗaga wa rana.
A da 'ya'ya kan cika ta maƙil,
yau rami ɗaya a rufe, uku wayam,
kamar bakin tsoho mai giɓi.
Maza sun yi yawa, a ci ba a nema.

Ga ta can tana jan ciki,
fiffike ya yage a gefe,
ɗigon shuɗin da ya sa mata a gadon baya
shekara uku da suka wuce
ya koɗe, saura ƙiris.

Dokar sana'ar ba ta jin kunyar kowa:
a matse kanta tsakanin yatsu biyu,
a bar gidan ya kwana cikin maraici,
washegari a kawo sabuwa.

Sabuwar ma ta iso ta gidan waya,
cikin keji da bai fi kwalin ashana ba,
da 'yan rakiya shida
da toshiyar alewa a bakin ƙofa,
wadda za su lasa a hankali
har ƙamshinta ya zama nasu.
In aka yi gaggawa su dunƙule ta, su kashe.
Baƙo ko da sarauta ya zo sai ya yi sallama.

Ya miƙa hannu, hannun ya hau rawa.
Ba tsoron harbi ba ne,
fatar nan ta sha dafi shekara hamsin.
Tun bara hannun ke masa haka,
yana ɓoye shi ƙarƙashin tebur in muna cin abinci.
Ya ce, "Ke yi."
Na ce, "Gobe."
Gobe ta zo da ruwan sama, jibi ma haka.
Duk mun ji daɗi, ba wanda ya furta.

Ran Asabar gari ya washe.
Na shiga bin saƙa ɗaya bayan ɗaya, ina jan ƙafa.
A ta huɗu, ga wani ɗaki rataye a tsakiya
kamar kwanson gyaɗa,
bakinsa a yanke tsaf, ba kowa ciki.
Ƙasa da shi ƙwai farare,
ɗaya tak a gindin kowane rami, a tsaye.

Sai ga ta, doguwa, cikakkiya, baya ba ɗigo,
ma'aikata na dare mata hanya.
Tazarar tafin hannu kuma tsohuwar ce tafe.
Uwa da 'ya a saƙa ɗaya, ba cizo, ba kora,
ana ba wannan a baki, ana ba waccan.
Ashe sun riga mu gani da makonni,
sun gama shawararsu cikin duhu
ba tare da sun nemi izininmu ba.

Ta cikin kejin muka kai wa maƙwabciyarmu Pavla,
wadda amyarta ta kwana biyar tana kukan rashin uwa.
Ta biya mu da curin cuku.

Da yamma ya ciro kwalbar fenti daga aljihu,
ya jujjuya ta, ya ajiye a tafina.
"Kada ki danna. Taɓawa kawai."
Na taɓa. Ɗigon ya ɗan karkace.
Bai ce komai ba.

Tsohuwar, in ji shi, kafin sanyi za ta ɓace,
ba mai ganin ranar, ba mai tsintar gawa.
Ya rufe amyar da gwiwar hannu,
ya matsa gefe, ya nuna mini katakon.

Na kara kunnena.
Har yanzu ƙugin kullum nake ji.
Ya ce, "Kin ji?"
Na ce, "Bari tukuna,"
na ƙara matsawa.